Yadda ake mayar da fili ko gida da sunanka bayan ka saya a Yamai

Kawuna ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana bida a Abijan, kamar dubban Adarawa ƴan uwansa. Da ya ɗan tara abin hannu sai ya aiko aka saya masa fili a Yamai ta hannun wani dillali. Aka biya kuɗi lakadan, aka rubuta ƴar takarda da biro gaban shaidu biyu, mai filin ya miƙa takardarsa ta asali, aka yi fatiha aka watse. Kawu ya naɗe takardun cikin leda ya jefa a ƙasan akwatin ƙarfe. Bayan shekara tara ya dawo gida da niyyar gini, muka je neman izini, aka buɗe littafi aka ce mana filin nan na wane ne, a kirawo shi ya sa hannu. Wanen kuwa ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha ɗaya, babbansu yana Aljeriya. Na ce, "Kawu, me ya hana ka canza suna tun a lokacin?" Ya ce, "Ɗana, takarda tana hannuna, na ɗauka magana ta ƙare." Wata goma sha huɗu muka yi muna bin magada gida-gida, mun ma yi sa'a mutanen kirki ne, ba wanda ya musanta cinikin.

Abin da ya kamata mai saye ya sa a ransa tun farko shi ne, hukuma ba ta duba takardar da ke cikin akwatinka, littafinta take dubawa. Muddin sunan da ke cikin littafin ba naka ba ne, to a idon doka kai mai riƙon takardar wani ne. Duk zirga-zirgar da zan bayyana a nan manufarta guda ce, a goge sunan wancan a rubuta naka, kuma a yi shi tun mai sayarwar yana raye, yana gari, yana ɗaukar waya.

Fara da sanin wace takarda aka ba ka

Takardun ƙasa a Nijar iri uku ne ke yawo a hannun mutane, kuma kowace da ƙofar da ake bi da ita.

Wadda ta fi yawa a Yamai ita ce akt da sesiyon, wadda kowa ke kira akt kawai. Meri, wato ofishin magajin gari, ce ke bayar da ita idan an yanka filaye, wato an yi lotisma. A jikinta za ka ga sunan lotismar, lambar ilo (rukunin filayen da hanyoyi suka kewaye), harafin parsel (filin kansa a cikin rukunin), faɗin filin da sunan wanda aka ba. Filayen gari galibi murabba'in mita 200 ne, ko 300, ko 400, har zuwa 600. Mai 400 shi ne ashirin a ashirin da dillalai ke yawan ambata. Akt tana da ƙarfi, amma ba ita ce ƙarshen magana ba. Ana iya samun akt biyu a kan fili ɗaya, ana kuma iya soke ta.

Ta biyu ita ce titir fonsiye, uwar takardu. Wannan ba daga meri take fitowa ba, daga ma'aikatar lanho ce, wato haraji, ɓangaren da ke riƙe da babban littafin ƙasa da kadastir, wato taswirar iyakokin filaye, ƙarƙashin ministan kuɗi. Tsarin ya ginu ne a kan dokar Turawan Faransa ta 26 ga Yuli 1932, kuma ƙa'idarsa ita ce idan an rubuta ƙasa a littafin nan da sunan mutum, an rufe ƙofar jayayya a kan mallakar. Ita ce banki ke karɓa da hannu biyu idan mutum na neman bashi.

Ta uku ita ce shaidar riƙon gargajiya, ta gona ko garka wadda ba a yanka ba tukuna, irin da mai gari da Kofo, hukumar kula da filayen karkara, ke bayarwa. Zan dawo kanta can gaba, don hanyarta dabam ce.

Idan abin da aka miƙa maka bai faɗa cikin ukun nan ba, misali ƴar takardar rabo daga kamfanin da ya yanka filayen, ko kitansin biyan kuɗi kawai, to akwai sauran aiki kafin a zo maganar canza suna. Koma wajen wanda ya sayar maka ya fito da akt ɗin kanta.

Je ka ga littafi da idonka

Ko ka riga ka biya, wannan matakin ba a tsallake shi. Gara ka gano ɓaraka yau, mai sayarwa bai gama kashe kuɗin ba, da ka gano ta bayan ka zuba fandisho.

Ɗauki fotokofin akt ɗin ka nufi ofishin kula da filaye na merin birni. Yamai tana da gundumomi biyar, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi kantomomi ne ke riƙe da merori, amma ofisoshin filaye da littattafansu suna nan inda suke. Abin da za ka nema a duba maka uku ne: lambar akt ɗin tana cikin littafi, sunan da ke cikin littafin shi ne na jikin takardar, sannan ba a taɓa fitar da wata akt ko kwafin maye gurbi a kan wannan parsel ɗin ba. Wannan na ƙarshen shi ne ramin da ya fi cin mutane. Mutum ya sayar da fili ya miƙa takarda, bayan shekara biyu ya je ya ce takardarsa ta ɓata, a yi masa wata, ya sake sayarwa. Idan kai na farko ba ka canza suna ba, na biyun kuwa ya canza, sai ka ga ka zama mai ƙara a kan abin da ka riga kowa saya.

Ka tambayi kuma takardar amincewar lotismar. Bisa dokar tsara birane ta 2017, yankan filaye ba ya zama halal sai ministan da ke kula da tsara birane ya amince da shi a rubuce. A gefen gari akwai yankan da aka yi ba tare da wannan ba, an kafa turaku, an buga taswira mai kyau, ana sayarwa. Lambar amincewar da kwanan watanta su ne abin tambaya, ba kyan taswira ba.

Idan filin yana da titir, wajen lanho za ka je, ofishin mai riƙe da littafin ƙasa, ka nemi takardar da ke nuna halin da titir ɗin ke ciki. A nan ne za ka ga ko an jinginar da gidan a banki, ko kotu ta ɗora masa hannu, ko wani ya shigar da ƙorafi. Jingina ba ta bin mutum, ƙasa take bi. Ka sayi gida da jingina a kansa, bashin wani ya zama ciwon kanka.

Ni a ganina ka je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ba shi da ko dala a cikin cinikin. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa tana rataye da cinikin ya tabbata, ba shi ne zai zo ya ce maka akwai matsala ba.

Kai mai awo wurin

Takarda na iya zama sahihiya amma filin da aka nuna maka ba shi ne nata ba. A sababbin unguwanni inda babu gini ko ɗaya sai fako da sabara, dillali zai tsaya ya miƙa hannu ya ce daga can zuwa can, kai kuma ka gyaɗa kai. Cinikin biri a sama ke nan. Nemo jewometir mai lasisi, ba yaron da ke riƙe masa igiya ba, ya zo da taswirar lotismar da na'urarsa ya nemo ilo da parsel ɗin, ya nuna maka turakun siminti huɗu na kusurwoyi. Idan an tumɓuke su ya sake kafawa, kana tsaye, maƙwabta na gani in akwai su.

A nan ne ake gano filin da ya faɗa kan hanya, ko cikin wurin da aka keɓe don makaranta, kasuwa ko asibiti, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Akwai kuma dajin dogon yaro da ya kewaye gabas da arewacin birnin, wanda aka fara shukawa tun 1965. An daɗe ana yankar gefensa ana sayarwa, hukuma kuma ta daɗe tana cewa wurin ba na sayarwa ba ne. Kar araha ta ja ka can.

Wani abin da mai awo ba zai faɗa maka ba sai ka tambayi tsofaffin wurin shi ne inda ruwa ke bi. Wanda ya ga abin da kogin Isa ya yi wa Lamorde da sauran unguwannin Harobanda a damanar 2020, ko yadda kwarin Gunti Yena ke cika ya tumbatsa, ya san cewa fili mai takarda lafiyayya na iya zama tafki a watan Agusta. Wannan ba maganar rajista ba ce, amma tun da ka je wurin, duba.

Tabbatar da wanda ya sayar maka

Sunan da ke kan katin ɗan ƙasarsa ya zama daidai da na jikin akt, harafi da harafi. Wannan ƙaramin abu ne da ke tsayar da dosiye wata da watanni. Mutum ɗaya sai ka ga takardar haihuwarsa ta ce Mahamadou, katinsa ya ce Mamadou, akt ta ce Mohamed, don kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Idan haka ta faru sai an nemo takardar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Kai ma ka duba naka sunan kafin a buga, ka miƙa kati a kwafa daga jikinsa, kar ka faɗa da baki.

Sau da yawa wanda ya sayar maka ba shi ne mai sunan ba. Filayen Yamai sun sha hannu. Wasu daga masu gonakin asali suka fito, waɗanda ake ba wani kaso na parsel idan an yanka gonarsu. Wasu kuma tun na ma'aikatan gwamnati ne da aka biya bashin albashinsu da filaye a farkon shekarun 2000, suka sayar nan take, takardar ta yi ta yawo daga aljihu zuwa aljihu ba wanda ya canza suna. Idan kai ne na huɗu a layi, sai ka haɗa sarƙar gaba ɗaya: takardar sayarwa daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, har ta iso kanka. Inda sarƙar ta tsinke, sai an nemo mutumin ko magadansa.

Idan gado ne, kar ka yarda da maganar babban wa shi kaɗai, ko da shi ne liman. Nemi takardar kotu ta zaman dangi wadda ta lissafa magada ta kuma nuna wanda suka wakilta, da yardarsu a rubuce cewa a sayar da wannan filin. Ƙanwar da ke aure a Konni, wadda ba a shawarta ba, tana da haƙƙin ta zo bayan shekara biyar ta ce rabonta fa. Kuma gaskiyarta ce.

Idan wakili ne ke sayarwa don mai filin yana waje, takardar wakilcin ta zama ta noter, wato masanin dokar da hukuma ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, ko ta ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da yake, ta ambaci filin da lambobinsa, ta ce an ba shi ikon sayarwa da karɓar kuɗi. Saƙon murya na WhatsApp ba wakilci ba ne.

Takardar sayarwa a gaban noter

Yawancin cinikin fili a gari a zaure ake ƙulla shi, gaban mai unguwa ko shaidu, wasu su kai takardar a buga mata hatimi a meri ko kwamisariya. Hatimin nan yana tabbatar da cewa wane ne ya sa hannu, ba ya tabbatar da cewa filin nasa ne. Ga gida ko fili mai titir babu zaɓi, sai an bi ta wajen noter kafin a taɓa littafin ƙasa. Ga mai akt kuwa, ko da wasu na wucewa ba tare da shi ba, shawarata ka je. Kuɗin da za ka ba shi bai kai na buhunan simintin katanga ɗaya ba a yawancin ciniki, kuma shi ke ajiye asalin takardar a ofishinsa. Ko gobara ta cinye taka, tasa tana nan.

Ku je ku biyu, kai da mai sayarwa, kowa da katinsa. Ku riƙe asalin akt ko titir, tsofaffin takardun sayarwa in akwai, takardun gado ko na wakilci in da su, da taswirar mai awo. Noter zai rubuta cinikin da Faransanci ya karanta muku. Idan ba ka ji sosai, ka ce, "Metir, a fassara mini," ba abin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka saurari lambar ilo, harafin parsel, faɗi da farashi. Idan da sauran kuɗin da ba ka cika ba, a nan ne wurin cikawa, a rubuta cewa an karɓa duka. Wanda bai biya ba tukuna ya fi kowa sa'a, sai ya ajiye kuɗin a hannun noter, kar a saki sai an gama bincike.

Daga nan noter zai kai takardar ofishin lanho a yi mata rajista. Ana biyan wani kaso na farashin da tambur-tambur, dokar kasafin kuɗi ce ke tsayar da kason, noter zai lissafa maka shi tare da ladansa a takarda ɗaya. Nemi wannan lissafin a rubuce kafin ka ba da kuɗi, ka kuma karɓi kitansin lanho daga baya. Akwai wa'adin kai takarda rajista, idan ya wuce tara ce ke hawa, don haka kar ka sa hannu yau ka ce kuɗin rajista sai bayan kaka.

A nan ne wani zai matso ya raɗa maka, "Alhaji, a rubuta miliyan uku mana maimakon takwas, lanho ya ragu." Mutane da yawa suna yi, ni ban ga wayo a ciki ba. Masu lanho sun san farashin unguwanni, suna da ikon su ce kuɗin da aka rubuta ya yi kaɗan su sake lissafi har da tara. Sannan idan ciniki ya warware a kotu aka ce a mayar maka da kuɗinka, abin da ke rubuce za a mayar. Ka tsira da ƴan jikkuna, ka sa miliyan biyar a bakin kura.

Canza suna a meri

Ga mai akt, da zarar takardar sayarwa ta dawo da hatimin lanho sai a koma ofishin filaye na meri da buƙatar a mayar da akt ɗin da sunanka. Abin da ake haɗawa: takardar roƙo mai tambur, asalin akt, takardar sayarwa, fotokofin katunanku masu hatimi, da kuɗin canjin da ake biya a asusun meri. A asusu za ka biya, a ba ka kitansi mai lamba. Kuɗin da aka miƙa a baranda ba shi da shaida.

Karɓi takardar da ke nuna an amshi dosiyenka, da lambarta da kwanan wata, domin asalin akt ɗinka ya bar hannunka, wannan ƴar takardar ce kaɗai madogararka. Kafin ka miƙa komai ka yi fotokofinsa ka kuma ɗauke shi hoto a waya. Sa hannu yakan ɗauki lokaci, musamman in an canza shugabanni ko an dakatar da harkar filaye don bincike. Leƙa duk mako biyu, da fara'a, ka san sunan wanda dosiyen ke teburinsa. Ranar da ta fito, kar ka tsaya ga takardar da aka ba ka, ka roƙi a nuna maka layin a cikin littafi ka ga sunanka.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Sun fi Kawu, amma da saura.

Fitar da titir fonsiye

Da can titir abin manya ne. Sai ka gina filin, a zo a ga ginin, a bi matakai masu tsawo da tsada, shi ya sa gidaje ƙalilan ne suke da ita. A 2006 aka kawo sauƙaƙƙen tsari da aka raɗa wa suna Shaida, kalmarmu ta Hausa, wanda ya buɗe ƙofa ga mai fili ko bai aza bulo ɗaya ba. Kuɗin yana hawa ne bisa abin da ke kan ƙasar: fili fayau ya fi sauƙi, sai mai katanga, sai gidan ƙasa, sai rabi ƙasa rabi siminti, sai na siminti zalla, sai bene. Ma'ana, lokacin da ya fi arahar yin titir shi ne yanzu da ba ka fara gini ba. Mu kuwa mun saba mu ce bari in gama gini tukuna, alhali jiran ƙara kuɗin yake yi.

Dosiyen ana kai shi ɓangaren ƙasa da kadastir na ma'aikatar lanho. A Tahoua da sauran jihohi daga ofishin lanho na jiha ake farawa. Cikinsa akwai takardar roƙo, akt da ta riga ta koma sunanka, takardar sayarwa mai rajista, katin ɗan ƙasa, da taswirar filin wadda jewometir mai lasisi ya zana ya sa wa hannu, kadastir kuma ta duba ta amince. Noter na iya bin maka wannan duka, kana kuma iya bi da kanka in kana da lokaci da haƙuri.

Abin da ke biyo baya ya danganta da asalin ƙasar. Lotisma da yawa suna zaune ne a kan wata babbar titir guda, uwa, sai a yanko parsel ɗinka daga jikinta a buɗe masa shafinsa da lambarsa. Idan kuwa ƙasar ba ta taɓa shiga littafi ba, sai an yi sanarwa: a liƙa, a buga a jarida, a sa ranar da za a zo a tabbatar da iyaka gaban maƙwabta, a kuma bar wa'adi don duk mai ja ya fito ya yi magana. Masu duba shafukan baya na jaridar Le Sahel sun saba ganin irin waɗannan sanarwoyi. Ranar tabbatar da iyaka ka kasance a wurin da kanka, ka gayyaci maƙwabtan kusurwa huɗu da mai unguwa. Idan wani ya ja, dosiye na tsayawa har sai kun sasanta ko kotu ta raba. Wannan jiran yana da ciwo, amma shi ne ke ba titir ƙarfinta, don an ba kowa dama ya yi magana kafin a rufe.

Idan wa'adi ya cika ba mai ja, mai riƙe da littafi zai rubuta ƙasar da sunanka ya ba ka kwafinka. Duba lambar titir, faɗi, iyakoki da rubutun sunanka tun kana tsaye a ofishin. Gyara a ranar magana ce ta minti goma, bayan shekara kuwa sabon dosiye ne.

Wanda ya sayi gida mai titir tun asali hanyarsa ta fi gajarta. Ba ruwansa da meri a wannan gaɓar. Noter ne zai kai takardar sayarwa da kwafin titir ɗin wajen mai riƙe da littafi, a biya kuɗin sauyin, a rubuta sabon mai shi a shafin. In akwai tsohuwar jingina, a tabbata banki ya ba da takardar sakinta an goge ta kafin ko tare da sauyin. Lambar titir ba ta canzawa, sunan ne ke canzawa.

Mace ta sa sunanta. Na faɗi haka ne don na ga inda hajiya ta tara kuɗin adashi da na sana'a ta sayi fili, aka rubuta sunan maigida don kunya, ya rasu, filin ya shiga rabon gado da kishiyoyi. Doka ba ta hana mace riƙe akt ko titir ba. Haka ƴan uwan da suka haɗa kuɗi, a rubuta sunayensu duka da rabon kowa.

Idan gona ce ko garka a bakin gari

Wanda ya sayi gona a hanyar Filinge ko ta Dosso, ko garka a ƙauyukan kewayen Tahoua, yana ƙarƙashin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumomin Kofo a matakin ƙauye, na kwamin da na dapartama. Mai gari ne ke shugabantar ta ƙauye. A nan ake fara tabbatar da cewa gonar ta mai sayarwar ce ta gado ko ta saye, ba aro ba, ba jingina ba, domin a karkara mutum na iya noma gona shekara talatin alhali aronta aka ba kakansa. Ana zagaya iyaka da maƙwabtan gona, a rubuta shaidar sayarwa, mai gari da shaidu su sa hannu, a kai ta Kofo ta kwamin a shigar. Ka tabbata gonar ba ta ci burtali, makiyaya ko bakin rijiyar dabbobi ba, waɗannan ba na kowa ba ne balle a sayar. Da wannan shaidar da taswirar mai awo ake neman titir, ta hanyar sanarwa da jiran wa'adi da na faɗa a sama. Kuma sayen gona bai ba ka ikon yanka ta parsel-parsel ka sayar ba, wannan sai da amincewar minista.

Bayan takarda ta fito

Kewaye filin, ko da bulo jeri uku ne da ƴar ƙofa, ka rubuta lambar wayarka a jiki. Fili fayau da ba a leƙawa shi ke jawo mai ƙarfin hali ya sauke yashi. Idan kana waje, ka sa wani ɗan uwa ya riƙa zagayawa, ka kuma san maƙwabta. Kafin gini ka nemi izinin gini a meri, yanzu da sunanka ke kan takarda ba wanda zai ce a kirawo wane.

Idan gida ne ginanne, je kamfanin lantarki na NIGELEC da kamfanin ruwa na NDE ka ga ko akwai bashi a kan kwantocin, a biya, a mayar da su sunanka. Ka tambayi lanhon gida na shekarun baya, musamman in gidan haya ne, ku san wanda zai biya tun kafin mai sayarwa ya yi nisa. Ƴan haya kuma a sanar da su a rubuce wa za su riƙa ba kuɗi daga wane wata.

Asalin takardun a sa su a leda mai kauri, nesa da gara da ɗigon damana, kwafi ɗaya a wani gidan dabam. Kar ka ba kowa asali don ya je ya nuna wa mai saye, fotokofi ya isa. In ta ɓata, ka kai rahoto kwamisariya a ranar, ka je wajen noter a buga sanarwar ɓata a jarida, ka kuma sanar da ofishin da ya fitar da ita kafin wani ya riga ka zuwa da ita. Sannan ka gaya wa matarka da babban ɗanka ko ƴarka inda takardun suke, da sunan noter ɗin da ya yi aikin. Na Kawu yanzu suna wurin Inna, kwafi kuma yana wurina.